Kiwon Shanun Tatsa a Gida da Abincin Iyali a Kewayen Ƙofar Kwaya

Ƙofar Kwaya na ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, kuma tana cikin hanyoyin da nono ke shigowa gari daga rugage da ƙauyukan da ke kewaye, musamman na yankin Batagarawa. Akasarin wannan nono ba daga manyan gonaki yake fitowa ba. Daga gidaje ne masu 'yan shanu kaɗan, inda abin da aka tatsa da safe ake raba shi uku: rabon maraƙi, rabon iyali da kuma rabon kasuwa. Yadda ake wannan rabo shi ke nuna ko gida zai ci gaba da kiwon ko kuwa garken zai ƙare.

Shanun da aka fi gani su ne Bunaji, wato fararen shanun Fulani, sai Rahaji masu jan jiki da dogayen ƙaho, da kuma Bokolo na ƙasar Sakkwato. Dukkansu suna jure zafi da doguwar tafiya, amma nononsu ba shi da yawa. A kiwon gargajiya, abin da ake samu daga saniyar Bunaji bayan maraƙi ya sha ba ya cika wuce lita 1 zuwa 2 a rana, ko da damina.

Aikin yini

Ana fara tatsa bayan sallar asuba, kafin a kora shanu kiwo. Sai an saki maraƙi ya fara tsotsa sannan saniya ke sakin nono, daga nan a janye shi a ɗaure kusa da uwar. A wasu gidaje maza da samari ne ke tatsa, a wasu kuma mata. Amma da zarar madara ta shiga ƙwarya, bisa al'adar Fulani ta zama hakkin uwargida: ita ke sarrafa ta, ita ke kai ta kasuwa, kuma da kuɗinta take sayen cefane, sabulu da kayan 'ya'yanta mata. Ya kamata jami'an ƙananan hukumomi su lura da wannan, domin duk taron wayar da kai kan nono da aka kira maza kaɗai, to an bar masu aikin a gida.

Damina a Katsina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Bayan kaka shanu na komawa kan karan dawa da na gero, harawa, dusa da 'ya'yan gawo, tare da kanwa. Masu hali kan ƙara da angurya. Daga Maris zuwa Mayu ne nono ke yin ƙaranci ƙwarai, farashinsa kuma ya tashi, kuma a nan ne ake yawan yin kuskuren tatse saniya ƙarƙaf saboda kasuwa. Maraƙin da aka hana wa rabonsa da bazara yakan tsumbure ko ya mutu, alhali saniya na ɗaukar ciki wata 9 kafin ta ba da wani. Kuɗin ƙwarya ɗaya ba ya biyan wannan hasara. Haka kuma daƙashi, wato nonon farko bayan haihuwa, a bar wa maraƙi shi, domin da shi yake samun kariya daga cututtuka.

Sarrafa madara da girki

Madarar da aka bari ta kwana da ɗan tsohon nono a ciki ita ke zama kindirmo, mai kauri da maiƙonsa. Idan ana son man shanu, sai a kaɗa shi har man ya taso a kwashe, abin da ya rage shi ne tsala. Ana wanke man da ruwa mai sanyi a cura shi. Wanda za a ajiye kuwa sai a soya shi da albasa har ruwan jikinsa ya ƙone, ta haka yakan daɗe bai lalace ba ko da babu firiji.

Fura ita ce abincin rana a irin waɗannan gidaje. Ana surfa gero a wanke, a daka shi da citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono, a cura, a dafa a tafasasshen ruwa, sannan a kirɓa a turmi tun da zafinsa. Bayan an sake curawa sai a barbaɗe da gari don kada ta manne. Damu kuma ana yin sa a ƙwarya da ludayi. Ita ce guzurin mai kiwo, ita ake tarbar baƙo da ita, kuma tsofaffi da yawa na ƙauye sun fi son ta ba sukari. Da dare tuwon dawa ko na gero ne da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, a ɗiga man shanu a kai. Man na shiga dambu da ɗanwake ma. Gidan da ke sayar da dukkan mansa da kindirmonsa ya bar wa yara tsala kaɗai, ya rage musu abin gina jiki ne a lokacin da suka fi buƙatarsa.

Tsabta da lafiya

Akwai cututtukan da ke bin ɗanyar madara daga saniya zuwa mutum, musamman bakkale, mai sa shanu ɓari kuma mai jawo wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da kuma tarin fuka na shanu. Tsamin nono kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen kashe waɗannan ƙwayoyin cuta. Hanyar da ta dace ita ce a tace madara da tsabtataccen ƙyalle, a tafasa ta, a bar ta ta huce, sannan a zuba tsohon nonon da zai sa ta kama. Mata da dama na cewa dafaffiyar madara ba ta ɗanɗano irin na ɗanya. Akwai ɗan bambanci, gaskiya ne, amma bai kai a sayi ciwo saboda shi ba.

A wanke hannu da hantsar saniya kafin tatsa, a shanya ƙore a rana bayan an wanke su. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ba a sha ko sayar da nononta sai kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa sun cika. Ƙara ruwa a nono don ya yi auki ha'inci ne, kuma idan ruwan na kududdufi ne yana iya jawo gudawa ga duk wanda ya sha. Jariri kuwa nonon uwa zalla ake ba shi har wata 6.

Cutar bushiya, wadda ta sha hallaka garkuna a ƙasar Hausa, an tabbatar da kawar da ita daga duniya a shekarar 2011 ta hanyar rigakafi. Ciwon huhu na shanu dai yana nan, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na sarrafa allurarsa. Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a shekarar 2024.

Satar shanu a yammacin jihar, wajen dajin Rugu, ta sa wasu iyalai sun matso da dabbobinsu kusa da gari, inda makiyaya da mashaya suka yi ƙaranci. Ana jan hankalin masu unguwanni, dagatai da hakimai da su san yawan irin waɗannan gidaje a yankunansu, su hana toshe burtali da gini ko noma, su kuma sanar da masu shanu ranakun rigakafi tun da wuri. Duk wanda saniyarsa ta yi ɓari, ya ware ta daga garke, kada a taɓa mahaifar da hannu tsirara, a binne ta, sannan a kai rahoto ga sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma.