Kangon Kamfanin Kuza na Riruwai: Tarihin Da Bango Bai Faɗa Ba



Idan ka tashi daga Rano ko Kibiya ka yi kudu, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, za ka iske Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, kwance a cikin duwatsu. Daga 2019 zuwa 2024 ƙasar tana ƙarƙashin masarautar Rano, saboda haka mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne a zancenta. A can ne kangon kamfanin haƙar kuza yake, da bakin ramin da ya kutsa cikin dutse, da ƙarafan da tsatsa ta cinye. Duk wanda ya gan shi zai ɗauka daga nan tarihin kuza ya fara a garin. Alhali ginin shi ne auta a labarin.

Tun kafin Bature ya tako ƙasar Hausa, mutanen Riruwai suna wanke kuza a rafi, su narka ta da gawayi a murhun yumɓu, su fitar da dalma siri-siri kamar tsinke. Fatake su saya su kai Kano da sauran kasuwanni, maƙera su shafe kayan tagulla da ita. A ƙarni na 19, da hare-haren Ningawa suka tsananta, wasu masu sana'ar suka yi ƙaura wajen ƙasar Bauchi, suka kafa Riruwan Dalma. Wannan dalma da ke yawo a kasuwa ita ta ja hankalin Kamfanin Neja, har ya tura masu bincike a 1902 su gano inda take fitowa. Ashe ilimin mutanen gida ne ya nuna wa baƙo hanya.

Abin da ya biyo baya bai yi wa masu murhu daɗi ba. Dokar mulkin mallaka ta mayar da ma'adinai mallakar gwamnati, aka riƙa ba kamfanoni lasisi, ana kwashe kuzar ɗanya zuwa Ingila. Cikin 'yan shekaru wutar murhun ta mutu, mai sana'ar kansa ya koma lebura. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka ƙaƙaba wa talakawan Arewa aikin tilas a filayen kuza har zuwa 1944. Shi ne tsofaffi ke kira diban gwamna.

Ginin da ake gani yau na wani zamani ne daban. Bayan an kafa hukumar haƙar ma'adinai ta Nijeriya a 1972, an sa rai a kan jijiyar kuza da ta ratsa dutsen Riruwai na tsawon kilomitoci. Wanka a rafi ba zai cim mata ba, dole a fasa dutse a shiga ƙarƙashin ƙasa, a fito da shi a niƙa a tace. Don haka aka haƙa ramin, aka kafa injina. Aikin bai yi tsawon rai ba, ya tsaya cikin shekarun 1980. A watan Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, farashi ya faɗi da kusan rabi, fatan farfaɗowa ya dusashe. Hukuncin da aka yanke a wata ƙasa ya bar kango a ƙauyen Kano.

To, ina ruwan marubuci? Siminti da ƙarfe suna daɗewa, yumɓu kuwa damina kaɗan ke cinye shi. Shi ya sa aikin da bai daɗe ba ya bar gini, sana'ar da ta ci zamunna ba ta bar abin nunawa ba. Idan muka tsaya ga abin da ido ya gani, za mu rubuta tarihin kamfani mu manta da mutane.

Waɗanda suka shiga ramin nan suna samari yanzu sun haura sittin. Su suka san yadda ake sauka, da abin da ake biya, da halin da iyali suka shiga ranar da injin ya yi shiru. Wasunsu sun ji labarin murhun daga bakin kakanninsu. Kullum ana rasa su, kuma duk wanda ya tafi, da nasa kundin yake tafiya.

Kafin ka ƙago wata masarauta da ba a taɓa yi ba, ɗauki biro da wayarka ka je ka zauna gaban ɗaya daga cikinsu. Ka tambayi shekara, ka tambayi sunan kowane kayan aiki, ka gwada maganarsa da ta wani kafin ka rubuta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.