Tarihin Auna Iskar Farar Wuta da Haske

Idan aka ƙona farar wuta, iskar da take tashi mai shaƙe maƙogwaro ita ce salfa dayoksaid. Tana narkewa a ruwa cikin sauƙi, amma ruwan ba ya sauya launi, don haka ido ba ya iya gane yawanta. Hanyar auna ta da haske ta samu ne a hankali cikin fiye da shekara 200.

A 1729 Bafaranshe Pierre Bouguer ya nuna cewa haske yana raguwa gwargwadon kaurin abin da ya ratsa, Johann Lambert kuma ya tsara lissafin hakan a 1760. A 1852 Bajamushe August Beer ya ƙara cewa, a cikin ruwa, raguwar tana bin yawan abin da aka narkar. Wannan ƙa'ida ce ta mayar da haske ma'auni.

Sai dai hasken da wannan iska take shanyewa na ultirabayolet ne, wanda ido ba ya gani. Auna shi bai zama aikin yau da kullum ba sai bayan 1941, lokacin da kamfanin Arnold Beckman na Amurka ya fito da na'urar DU. Narkakkiyar iskar ta fi shan haske mai tsawon zango wajajen nanomita 276. Idan tsamin ruwan ya ragu, sai ta rikiɗe zuwa baisalfait, wanda kusan ba ya shan haske a wannan zango. Saboda haka dole mai awo ya daidaita tsamin ruwan tukuna.

Hazon hayaƙin kwal da ya lulluɓe Landan a Disambar 1952, ya kashe dubban mutane, ya ƙara matsa buƙatar auna iskar birane. A 1956 Philip West da G. C. Gaeke, a jihar Luwiziyana, suka ɓullo da wata dabara: a bi da iska ta cikin ruwan gishirin zaiba ya kama gubar salfa dayoksaid da ke cikinta, sannan a zuba fomaldihaid da rinin fararosanilin. Ruwan yakan koma ja mai sirkin shunayya, kaifin launin kuwa shi ke nuna yawan gubar.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ɗauki dabarar a matsayin mizani a 1971. Daga baya na'urori masu haska iskar kai tsaye da ultirabayolet, su auna ƙyallin da take mayarwa, suka maye gurbinta a yawancin tashoshin awo, domin suna aiki dare da rana ba tare da zaiba mai guba ba.