Batagarawa Jiya da Yau: Abin da Iyayenmu Mata Suka Bar Mana

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sake nuna mana zagayowar ranar kafa wannan ƙungiya tamu. Mu da muka koyi biyan baƙi da girmanmu a ajin yaƙi da jahilci, muka ga ya dace bana mu rubuta ɗan tarihin garinmu, don 'ya'yanmu su san inda aka fito.

Batagarawa tana kudu da birnin Katsina, tafiyar kamar kilomita 10, kuma nan ne mazaunin Mallamawan Katsina. A 1967 wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a garin, ta bi gida-gida tana ƙirga mutane da gonaki. A lissafinta jama'ar ba su wuce kusan 1,400 ba. Littafinta ya fito a 1972. Wancan lokaci gero da dawa ne abinci, gyaɗa ce kuɗi. Ana noman gandu: ɗa ko ya yi aure yana yi wa mahaifinsa aiki, uban ya ciyar da shi ya biya masa haraji, shi kuma ya samu 'yar gayaunarsa.

To amma ga abin da ya fi shafarmu. Baturiyar ta lura cewa ciniki mai yawa a cikin gidaje ake yinsa, a hannun matan kulle. Su ke sayar da hatsi a mudu, su soya ƙuli-ƙuli, su matse man gyaɗa, su kirɓa fura, yara su kai talla. Ba rumfa, ba littafin lissafi, duk a ka. Wallahi kakanninmu 'yan kasuwa ne, ba a dai ganinsu ne kawai.

Daga nan abubuwa suka juya. Fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, noman gyaɗa bai sake komawa yadda yake ba. A 1987 aka yi Jihar Katsina, birni ya fara faɗaɗa. Batagarawa ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar gaba ɗaya sun haura 180,000. Manyan makarantu, har da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, suka zauna a hanyar Dutsin-ma.

Alheri ya shigo, ba mu musa ba: ga masu saye, ga karatu kusa. Sai dai jama'a na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa. In an raba gado, kowa ya tashi da 'yar ƙanƙanuwa, mai kuɗi ya zo ya taya, a yanka ta fuloti. Kuɗin ya ƙare a biki da cefane, gonar kuwa ta tafi ke nan. Gyaɗar da muke soyawa yanzu sau da yawa sai mun sayo ta da tsada.

Shi ya sa muke roƙon juna, duk wadda ta gaji gona kada ta yi gaggawar sayarwa, ta zo mu yi shawara tukuna. Kuɗin adashinmu kuma mu riƙa sayen gyaɗa da hatsi da kaka mu ajiye, kamar yadda iyayenmu suka yi. Wadda take da tsohuwa a gida ta zauna ta tambaye ta labarin da, ta rubuta ta kawo mana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a sana'armu. Amin.