Tsofaffin Makanikan Birnin Shehu

Littattafan tarihin Sakkwato cike suke da sunayen sarakuna da malamai da mayaƙa, haka kuwa ya kamata. Amma akwai waɗansu dattawa da suka ƙare kwanakinsu a birnin ba wanda ya rubuta sunansu, sai jikokinsu kaɗai ke ambatonsu, watau makanikan farko. Bashinsu kuwa yana kan kowane Basakkwace, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga dalili. Turawa sun ci Sakkwato cikin watan Maris na 1903, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano cikin 1911. Bayan haka aka ja wani reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Nan ya tsaya, bai ƙarasa Sakkwato ba. Saboda haka gyaɗa da auduga da kirgi da fatun jajayen awakin nan da Turawa ke rububi, duk tilas a kai su Gusau, tafiyar wajen mil 130. Da raƙuma da jakuna ke wannan aiki, sannu a hankali lori ta karɓe shi. To, birnin da ba shi da jirgi ya dogara ga mota, mota kuwa ta dogara ga mai gyaranta.

Hanyar nan ta Shuni da Dange da Tureta da Talatar Mafara ba ta tausayin ƙarfe. Kafin a zuba mata kwalta, gargada ce da rani, taɓo da damina. Gargada ta karya sifirin, ta kwance noti ɗaya bayan ɗaya. Ƙurar hunturu ta toshe kafireta. Da bazara kuwa, zafin Sakkwato ba sai an faɗa wa kowa ba, lagireto ya yi ta tafasa kamar tukunyar tuwo. In lori ta mutu a dawa, mai kaya ya kwana cikin fargaba, fasinja su baje a gindin itace, kowa ya zuba ido ga mutum guda da ke kwance ƙarƙashin mota da sifana a hannu.

Ta yaya wannan mutum ya sami saninsa? Galibi ba a makaranta ba. Yaro yakan fara da zama karen mota, shi ke ɗebo ruwa, shi ke sa weji, shi ke murza hannun tayar da inji har kafaɗa ta yi tsami. Daga nan ya koma gareji, ya yi shekaru yana wanke noti da kananzir kafin a yarda ya taɓa inji. Waɗansu sun koya a ma'aikatar ayyuka ta En'e. Waɗansu kuma soja ne ya koya musu, gama cikin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, samarin Arewa da yawa sun tafi har Bama, suka komo da sanin tuƙi da gyara. A shekarun yaƙin nan taya da kayan gyara suka yi wuya ƙwarai. Abin da ba ya sayuwa sai a ƙera shi, Sakkwato kuwa ba ta rasa maƙera ba, ga unguwa guda ta Maƙera Assada. Makanike ya kai musu ƙarfen da ya karye su gyara, su kuma su karɓi mataccen sifirin su mai da shi fartanya da wuƙa.

Abin da jikoki suka fi tunawa shi ne zaman garejin. Ba wani gini ba ne, inuwar itace ce da rumfar kwano, ƙasa ta yi baƙi da mai. Uba yakan kawo ɗansa ya ce, “Malam, ga amana,” shi ke nan, ba takarda, ba sa hannu. Daga ranar cin yaron da suturarsa da tarbiyyarsa suna wuyan maigida. In an kira salla a ajiye sifana, a goge hannu da yashi da sabulu, a yi alwala. Yaron da ya saci noti ya sha bulala, wanda ya iya aiki a sallame shi da akwatin kayan aiki da albarka, wani ma har a yi masa aure. Shi ya sa in irin wannan dattijo ya tsufa jikokinsa kan zama iri biyu, na gida da na gareji, dukansu kuwa Baba suke ce masa. Ya zauna bisa benci, ido ya rage, amma kunne na nan. A tayar da inji ya saurara kaɗan, ya ce, “Kai yaro, duba filogi na uku.” A duba a tarar haka ne.

Zamani bai bar su sun huta ba. Da fari yawancin ƙwararrun makanikai mutanen Kudu ne, da rikicin 1966 ya sa da yawansu suka koma gida, yaransu 'yan ƙasa suka riƙe garejoji. Cikin 1967 Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma, motocin gwamnati suka ƙaru, ga kuma manyan motoci masu ɗaukar siminti daga Kalambaina. Cikin Afrilu 1972 ƙasa ta koma tuƙi ta hannun dama. Cikin 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, har 504 ta zama motar da kowane yaron gareji ke iya kwance injinta ya mayar.

Daga baya aka shigo da motoci masu kwamfuta a ciki, waɗanda sai an jona musu na'ura su faɗi ciwonsu, kunnen tsoho ya rage daraja. Amma cikin yaran da suka tashi a Sakkwato suna sha'awar mota akwai Jelani Aliyu, wanda ya yi karatu a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta birnin, ya tafi Amurka, ya shiga kamfanin General Motors. Shi ya zana siffar motar lantarki Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya cikin 2007, cikin 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta Nijeriya.