Shekara Bakwai da Ƙofar Makaranta: Raddi kan Riƙon Yaro a Jazira

Wani abokin nazari ya yi iƙirarin cewa shigar yaro makaranta shi ne lokacin da ya dace a ɗauke shi daga hannun uwar da aka saka, a miƙa wa uba. Hujjarsa biyu ce: dokar Sudan ta 1991 kan al'amuran iyali na Musulmi ta tsayar da riƙon mata a shekara 7 ga namiji, 9 ga mace, sannan uba ne mai biyan kuɗin littafi da tufafi, don haka shi ya cancanci sa ido. A ganina ya haɗa abubuwa biyu da fiƙihu ya raba tun da daɗewa.

Tarihin zaman Hausawa a gaɓar Shuɗin Nilu, daga kafa Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 zuwa ƙwadagon auduga a gonakin Jazira tun 1925, sananne ne. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne sun zo da Malikiyya, kuma a kanta malaman ƙauye ke sasanta ma'aurata kafin magana ta kai kotun Wad Madani. A Muhtasar na Halil, riƙon namiji yana hannun uwa har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Halil bai manta da karatu ba: ya ba uba damar duba ɗansa, da ladabtar da shi, da tura shi wurin malami, alhali yaron yana kwana gun uwarsa. Ashe kula da ilimi haƙƙin waliyyi ne da ba ya buƙatar a canza wa yaro makwanci. Ciyarwa kuwa wajibi ce a kan uba ko ina yaron yake. Biyan kuɗin makaranta bai zama sayen riƙo ba.

Ita kanta dokar 1991 ba ta ce abin da ake jingina mata ba. Bakwai da tara sun fi kusa da Hanafiyya, gaskiya ne, amma dokar ta bar wa alƙali ikon tsawaita riƙon uwa har balaga ko aure idan maslahar yaro ta nuna haka. Kuma ana shiga aji ɗaya ne a shekara 6. Wanda ya bi lissafin abokin namu zai cire yaro daga ajinsa bayan shekara guda, daidai lokacin da ya fara haɗa baƙi.

Sai dai yana da wata hujja da ba zan raina ba, kuma ita ce mafi ƙarfi. Sakakkiya takan koma gidan iyayenta, wanda sau da yawa kambo ne, wato sansanin 'yan ƙwadago a bakin gona, inda makaranta ke da nisa ko babu ita sam, uban kuwa yana cikin gari. Ya ce a nan barin yaro gun uwa daidai yake da hana shi karatu. Na yarda cewa rabon Halil ya ginu ne kan iyaye biyu da ke gari ɗaya, yaro ya wuni can ya kwana nan. Idan nisa ya shiga, rabon ya rushe. Amma wannan hujja ce ta wuri, ba ta shekaru ba. Idan makarantar tana ƙauyen uwa, uban kuwa yana kambo, hujjar ta juya kansa. Kuma akwai tsakiya da ya tsallake: yaro ya zauna gun goggo ko kaka kusa da makaranta a zangon karatu, ya yi hutu gun uwarsa, abin da dangi suka saba yi ba tare da takardar kotu ba.

Don haka zan taƙaita da'awata. Ban ce uwa ce kullum ta fi dacewa ba; na ce shiga makaranta dalili ne na sake duba tsarin, ba hukuncin miƙawa ba. Tun da dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disambar 2023, har sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025, iyalai sun warwatse, makarantu da dama sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Alƙalin da ke zama yau zai fara ne da tambayar wace makaranta ke buɗe, kuma wa ke zaune kusa da ita.