Littafi Mai Tsarki da Aka Rubuta da Hannu

A shekara ta 1998 sufayen Katolika na Saint John's a Minesota, Amurka, suka ba Donald Jackson aikin rubuta dukan Littafi Mai Tsarki da hannu. Shi da abokan aikinsa suka soma a 2000, suna rubutu da alƙalamin gashin tsuntsu a kan fatar maraƙi, suna yi masa ado da zinariya. A 2005 aka nuna shafuffukan farko a gidan ajiye kayan fasaha na Miniyapolis. Sai 2011 aka gama, littafi bakwai. Haka masu bi na dā suka sha wahala kafin zuwan injin buga littattafai. Naka fa, ɗan'uwa, a buɗe yake, ko ƙura ta rufe shi?