Wi-Fi: Yadda na'urori ke karɓa-karɓa a tasha guda, da takaddamar zangon gigahaz 6

Duk wanda ya taɓa amfani da Wi-Fi a ɗakin karatu na jami'a ko filin jirgin sama ya san yadda intanet ke tafiyar hawainiya idan jama'a suka yi yawa. Sau da yawa matsalar tana cikin iskar ɗakin ne: na'urorin da ke tasha guda ba sa iya aika saƙo lokaci ɗaya ba tare da saƙonninsu sun yi karo ba.

Asalin matsalar

A shekarar 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa a Jami'ar Hawai suka fara aiki da ALOHAnet, inda kwamfutoci ke aika saƙo ta rediyo duk sa'ad da suka ga dama. Saboda yawan karo, abin da tsarin ke iya amfana da shi bai wuce kusan kashi 18 cikin 100 na ƙarfin tashar ba. Da aka yanka lokaci zuwa ƙananan gurabe, adadin ya kai kusan kashi 37.

Ƙa'idar 802.11, wadda cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1997, ta zo da dokar sauraro kafin magana. Na'ura takan saurari tashar. Idan ta ji wata na aiki, sai ta dakata, ta ƙara ɗan jinkirin da ta zaɓa da ka, sannan ta aika. Amma da sauran rina a kaba. Wayoyi biyu da ke nesa da juna ba sa jin juna, don haka saƙonninsu kan yi karo a na'urar rarraba intanet. Tsohuwar waya mai jinkiri kuma takan daɗe riƙe da tashar, ta jawo wa kowa tsaiko. Ga kuma ƙarancin wuri: a zangon gigahaz 2.4, tashoshi uku kacal, wato 1 da 6 da 11, aka saba amfani da su ba tare da sun shiga juna ba.

Gyaran da aka yi

Wi-Fi 6, wanda aka fara tantance na'urorinsa a 2019, ya kawo dabarar OFDMA, mai raba tasha mai faɗin megahaz 20 ga na'urori har 9 a lokaci guda. Yana kuma sa wa kowace cibiya alamarta, domin na'ura ta bambanta saƙon gidansu da na maƙwabta, ta daina jiran da babu dalili.

Inda siyasa ta shigo

Dabara kaɗai ba ta ƙara fili. A Afrilun 2020 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe megahaz 1,200 na zangon gigahaz 6 ga amfani ba tare da lasisi ba. Amma a taron rediyo na duniya da aka yi a Dubai a 2023, an ware saman zangon, daga megahaz 6,425 zuwa 7,125, ga sadarwar wayar salula a yankin da ya haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya. A 2024 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta bayyana shirin buɗe ƙasan zangon ga Wi-Fi.

Bambancin a bayyane yake. Zangon da aka sayar da lasisinsa yana kawo wa gwamnati kuɗi, kuma kamfanin da ya saya ne ke iko da shi. Wanda aka bari a buɗe kuwa, makaranta ko asibiti ko ƙungiyar unguwa na iya kafa cibiyarta a kai ba tare da biyan kuɗin lasisin zango ba.